Tambayi likita: yadda mace za ta kare kanta daga cutar Sida

Daga Magarya: Likita, maigidana ya dawo daga cirani. Na ce mu je gwaji, ya ce zarginsa nake yi. Kwaroron roba kuwa ko sunansa ban isa in faɗa ba. Ina mafita?

Baiwar Allah, fara da abin da ke hannunki. Ki je CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) mafi kusa a gwada ki. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako na fitowa cikin minti 20, kuma sirrinki ne. Idan ba a ga komai ba ki sake bayan wata 3, domin sabon kamu ba ya bayyana nan take. Ki tambayi masu ba da maganin Sida ko suna da ƙwayar rigakafi da ake kira PrEP. Ɗaya ake sha kullum, kariyarta ga mace na kankama bayan kwana 7, kuma sai wadda gwaji ya nuna ba ta da cutar ake ba. Ba ta hana ciki ko ciwon sanyi. Shi kuma maigida, kada ki tayar da zancen a shimfiɗa ko cikin fushi. Ki nemi ungozoma ta gayyace ku tare a duba hawan jini, ciwon hanta da Sida a zama ɗaya. Namijin da zai ƙi maganar matarsa sau da yawa yana jin ta ma'aikacin lafiya. In kina tsoron duka, ki gaya wa ungozomar tun farko.

Daga unguwar Birni: Mijina zai ƙara aure da bazawara. Ita kaɗai za a gwada?

A'a, Hajiya. Ango, amarya da ke uwargida, duka. Abin mamaki ne yadda ake tsare bazawara da gwaji a ƙyale namiji, alhali shi ke zagaya ɗakuna. A yi gwaji biyu, wata 3 tsakani, kafin ɗaurin aure. In an samu wani da cutar, aure bai haramta ba: mai shan magani kullum har awon jini ya daina ganin ƙwayar ba ya sa wa abokin kwanciya, kuma yawanci ana kai wa nan cikin wata 6.

Daga Mirya: A awon ciki aka ce ina da cutar. Ina tsoron saki, ban gaya wa kowa ba.

Allah Ya ba ki lafiya. Ki fara magani yau, kyauta ne, ƙwaya ɗaya kullum a lokaci guda. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗauka daga uwa. Da magani adadin na sauka ƙasa da 5. Ki haihu a asibiti don a fara ba jariri maganinsa na ruwa tun ranar farko, na aƙalla mako 6, sannan a gwada shi. Nono zalla har wata 6: ba ruwa, ba bauri, ba rubutu, domin haɗawa na yi wa hanjin jariri lahani ya buɗe wa cutar hanya. Inda ake samun matsala shi ne ɓoyo. Matar da ke ɓoye kwalba a ƙasan kwalla takan tsallake kwanaki, cutar ta daina jin magani. Ki roƙi ungozoma ta kira ku gwaji tare, a faɗa muku a gabanta.

Daga Tanut: An yi wa ƙanwata fyaɗe jiya.

A kai ta asibiti yanzu, kada a tsaya sulhun dangi. Maganin da ke tare cutar sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. A nemi maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da takardar likita.

Daga Matamaye: Kayan mata na matsi suna da haɗari?

Waɗanda ake cusawa, e. Alif da garin itatuwa na busar da gaba, fata ta tsattsage lokacin saduwa, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Masu amfani da kwaroron roba kuma su guji man shanu da Vaseline, suna fasa robar. A sayi man santsi mai ruwa a kantin magani.