Me zai hana mu lafta wa Hilux ƙarfe ta zama motar sulke?

Ɗana, ka tambaye ni: tunda ga masu walda cike da Kofar Ruwa, ga farantin ƙarfe a kasuwa, me zai hana a ɗauki Hilux a lafta mata ƙarfe gaba da baya ta zama motar sulke irin waɗanda na yi wa hidima a soja? Ka ce har hotunan irinsu ka gani a waya. Ana yi kam. Amma kafin ka kunna injin walda, ɗauko biro mu yi lissafi.

Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10, faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 78. Ka auna ƙofofi huɗu, da bayan kujera, da rufi, da gaban injin, da ƙasan mota, za ka ga ka wuce irin wannan faranti goma sha biyu ba ka gama ba. Ka kusa tan ɗaya ke nan, kuma tan ɗayan nan shi ne kusan iyakar kayan da aka ƙera Hilux ta ɗauka. Kamar ka loda mata buhun siminti ashirin ne ka ce ba za a sauke ba har abada, alhali ko direba bai shiga ba tukuna, balle mutane da kayansu. Gilashi ma ban sa shi a lissafi ba, ga shi gilashin da ke tare harsashi kauri ne da shi kamar me, nauyi kuwa ba a magana.

To wa zai biya wannan nauyi? Sifirin ne zai fara kwanciya. Daga nan shokozoba, sai boris, sai kuloci ya fara wari a ɗan hawan da bai taka kara ya karya ba. Birki shi ne abin tsoro, domin an yi shi ne don tsayar da wani nauyi, kai kuma ka ninka masa aiki. Ka toshe gaban lagireto da ƙarfe, iska ba ta shiga, injin ya tafasa a zafin watan Afrilu. Nauyin kuma ya koma sama, kwana ɗaya mai kyau ta ishe ta ta kife.

Duk wannan wahala da a ce ƙarfen zai yi aikinsa ma da sauƙi. Farantin da muke saye a nan na ƙofar gida ne da tankin ruwa. Mai kaurin milimita 3 ko 4, harsashin AK-47 wucewa yake yi abinsa, ya kuma kwashi ɓarɓashin ƙarfen ya watsa wa na ciki. Ƙarfen sulke daban ake narka shi, a gasa shi, a sanyaya shi bisa ƙa'ida har ya yi tauri. Kuma ba ya son wuta: ka sa masa walda irin tamu, zafin zai kashe taurin daidai wurin ɗinkin, ko ya tsage bayan kwana biyu. Harsashi kuwa bai san inda ka yi ƙoƙari ba, ta ɗinki da bakin ƙofa yake shiga.

Wannan rigima ta sulke da nauyi ta girmi mota. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, shekaru sama da 600 ke nan. 'Yan lifida kibiya ba ta cika damunsu ba, amma dokinsu ba ya dogon sukuwa. Turawan Ingila ma da suka fara fito da tankar yaƙi a Faransa ranar 15 ga Satumba 1916, abin da suka tarar ke nan. Tankar tana da nauyin tan 28, injinta kuwa ƙarfin doki 105 kacal, ba ta kai Hilux ɗinka ba. Gudunta bai wuce na mai saurin ƙafa ba. Guda 49 aka tanada, 32 ne suka iya kai kansu inda za a fara ɗauki ba daɗi. Sauran tun a hanya suka lalace ko suka kafe, Jamus ba ta ko harbe su ba.

Motar sulke ta gaskiya, sulken shi ne jikinta. Ba bodi ake yi a zo a rufe da ƙarfe ba; akwatin ƙarfen ake fara zanawa, sannan a nemo injin da giya da ƙafafun da za su iya da shi. Ɗauki Saladin, motar sulke ƙirar Ingila, wadda sojojin tarayya suka yi yaƙin basasa da ita daga 1967 zuwa 1970, ni kuma na tarar da ragowarta. Tan 11 da ɗoriya ce, mutum uku a ciki, bindigarta mai bakin milimita 76, injin Rolls-Royce mai silinda takwas, ɗan fetur. Saboda nauyin aka ba ta taya shida, duka shidan suna ja. A nan kuma wata matsalar ta ɓullo wadda makaniki kaɗai ya santa. Tayoyi ukun da ke gefe guda a haɗe suke, dole su juya daidai wa daida. A ƙasa mai rairayi ba komai, taya ɗaya za ta ɗan zame ta huce. A kwalta kuwa ba zamewa, sai ƙarfi ya riƙa taruwa a cikin farfela da haƙoran giya, suna murɗuwa a hankali har wani abu ya ɓalle. Direban kirki yakan sauka daga titi lokaci-lokaci ya taka gefen hanya. Mu kuma a gareji sai mu sa jak mu ɗaga ta, ka ga taya ta yi fit ta juya da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Shi ya sa ba a yarda iskar taya ɗaya ta fi ta 'yar'uwarta, ko a haɗa sabuwa da tsohuwa a gefe guda. Har yau idan ka ji ina yi maka faɗa a kan tayoyin mota mai ja da ƙafa huɗu, daga can na ɗauko.

Masu ƙera Scorpion, ƙaramar tankar yaƙi ta Ingila, su kuma wata hanya suka bi. Suka yi jikinta da alminiyam don ta tsaya a wajen tan 8, suka sa mata injin Jaguar mai lita 4.2. Ga gudu, ga ratsa laka inda manya ke nutsewa. Amma sulken nata na tare ƙananan bindigogi ne da ɓarɓashin bam, duk wanda ke cikinta ya san haka.

Manyan su ne T-55 ta Rasha da Vickers ta Ingila, waɗanda duk wanda ya bi ta makarantar sulke ta Bauchi ya sha ƙurarsu. T-55 tan 36 ce, injin dizal mai silinda 12, ƙarfin doki 580. Mutane suna ganinta a fareti suna tafi. Ba su ganin ana ɗora ta a tirela idan tafiyar da nisa, don sarƙarta ci take yi kuma tana cinye titi. Ba su ganin mutum huɗu da guduma da ƙarfen banƙara suna ɗaure sarƙar da ta saki, ko wankin matatar iska a lokacin hunturu, wanda in ka yi sakaci da shi ƙura za ta cinye ringin injin tas. Sai kuma mai. Abu mai nauyi shan mai gare shi, man kuma a tankar mai da ba ta da sulke yake zuwa. Magabatanmu sun sha ba mu labarin Abagana, wani gari kusa da Onitsha, ƙarshen Maris 1968, inda aka yi wa ayarin runduna ta biyu ta Murtala Muhammad kwanton ɓauna: tankar fetur aka samu da harbi, wuta ta bi motocin ayarin.

Ita kuma Toyota da kake son rufewa da ƙarfe, ta taɓa cin tankokin yaƙi, kuma tsirara ta ci su. A Janairun 1987 a Fada, arewacin Chadi, sojojin Hissene Habre sun afka wa sojojin Libiya da motocin Toyota buɗaɗɗu ɗauke da makami mai linzami da Faransa ta ba su, MILAN, suka ƙona T-55 masu yawa. A watan Maris suka karɓe Wadi Dum. Sauri da sanin hamada ne suka yi musu aiki. Da sun lafta wa motocin nan faranti, da sun rasa saurin, sulken kuma bai samu ba.

Yanzu kuma nakiya ce abin tsoro fiye da harsashi, shi ya sa motocin zamani ake yi musu ciki mai tsini kamar harafin V, a ɗaga su sama, don ƙarfin fashewa ya watse gefe. Afirka ta Kudu ce ta yi suna da wannan da motarta Casspir. Faranti shimfiɗaɗɗe a ƙasan Hilux ba ya watsa komai, turo shi sama za a yi.

Inda sana'armu take a nan shi ne motocin da kamfani ya riga ya yi wa sulke, irin na ɗaukar kuɗin banki da jif-jif na manya. Idan irinsu ta shigo gareji, kada ka sa mata jak ɗin ƙananan motoci, ɗauko na tan goma. Ka fara da birki, ka duba ko faifan ya ƙone ya yi shuɗi. Ka buɗe kowace ƙofa ka ɗaga ta da hannu biyu ka ji ko maƙalarta ta saki, domin ƙofar da ta sauka ko da rabin yatsa ta bar kafa a sama. Lambar nauyin da ke jikin taya ka karanta ta, kada mai mota ya sa ka ɗaura masa ta araha. Wanda kuma ya zo da Hilux yana son a rufe masa ita da ƙarfe, kada ka yi ciniki da shi, ka ce ya jira Oga.