Amsar Malam kan maganar diramar titi a jiniya ɗinmu

(Muryar da Malam ya turo guruf jiya da daddare ce, na zauna na rubuta ta saboda masu kukan data. Sakatare ne ya tambaya wai nawa za a kashe in za a shirya wa yaran jiniya, wato ƙaramar sakandare, dirama kan tsallaka titi da hawan babur, kuma anya dirama tana hana haɗari?)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Sakatare na ji saƙonka, sai yanzu na samu caji. Kai ka ce nawa za a kashe, amma ni na san ba kuɗin ne ke cin ka ba, tsoro kake kar gobe a tare ka a ƙofar masallaci a ce kun kwashi 'ya'yan mutane kun mai da su 'yan fim. Ita ce tambayar, ka fito ka faɗa kawai, ai duk gida ne.

To yaran nan da kake gani, duk azumi in ya kai goma wa yake hana su tashe? Su liƙa gemun auduga, su ɗaura tsumma a ciki, su kwaikwayi tsoho su kwaikwayi malami, mu da kanmu muke miƙa musu hatsi da 'yan canji muna dariya, ban taɓa jin an ce sun lalace ba. Iyayenmu majigi aka dinga kawo musu dandali ana nuna musu noma da tsafta. Ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun wajen shekarun 1970 da 1980 suke fita Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane su ji damuwarsu sannan a haɗa wasa a kai a yi shi a fili. Kai ita kanta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan rodi sefti ɗin nan, da aka kafa ta a 1988 shugabanta na farko Wole Soyinka ne, mutumin da sana'arsa rubuta wasan kwaikwayo. Saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne, in wani ya tare ka ka turo min shi.

Abin da ni nake tsoro daban ne, kar a sake yi mana irin diramar da aka taɓa ɗora mana. Waɗanda muka yi koyarwa tare za su tuna. Aka aiko mana da takarda daga birni wai gasa za a yi tsakanin makarantu, an riga an rubuta wasan da Turanci tun daga farko har ƙarshe, namu kawai mu sa yara su haddace. Me ke ciki? Wai yaro ya tsaya a bakin danja ya jira ta nuna kore, wai ya bi ta kan zanen nan fari-fari na tsallakawa, wai ya ɗaura bel a motar babansa. Don Allah ina danja a garin nan? Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa ganin danja ba sai in an kai shi asibiti Kano, motar babansa kuwa amalanke ce. Muka yanka kwali muka shafa ja da kore, wani yaro ya tsaya riƙe da shi tun safe har hannunsa ya sage, aka zuba wa wani zoɓo a riga wai jini ne, ya kwanta yana shure-shure, 'yan kallo suka dinga ƙyaƙyata dariya har da masu faɗuwa daga benci. Alƙalan gasar kuma Turancin suke aunawa, wanda ya fi murɗa harshe shi ya ci. Kuɗin motar da aka ce za a mayar mana har yau shiru, daga aljihuna na biya, ba wai ina tuni ba ne, amma dai na biya, kuma kofin ma da aka ba waɗanda suka ci aka ce su dawo da shi za a rubuta suna, ban ji an sake ganinsa ba. To ranar da muka dawo, a motar da muka dawo ɗin, yara uku a kan but suke zaune ƙafa na reto. 'Yan diramar kiyaye haɗari ke nan fa.

Kuma wani abin haushi a takardar, har da waƙar nan ta tsallaka titi da ake cewa ka duba dama, ka duba hagu, ka sake duba dama. Wannan ta mutanen Ingila ce da suke tuƙi ta hagu. Mu tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motar da za ta fara iso ka in ka sa ƙafa a kwalta daga hagunka take zuwa, saboda haka hagu za ka fara dubawa, sai dama, sai ka sake hagu. Na faɗa a wurin, wani mai babbar riga ya ce haka yake a rubuce. Haka yake a rubuce! Ko da yake a titinmu ma da masu aron hannu suka yi yawa, ko'ina ka duba sau biyu shi ne zaman lafiya. In kuma tafiya kake a gefen titi ka bi ɓangaren da kake fuskantar motar da ke tahowa, kar ka ba ta baya.

Yawwa, ina nake... eh, irin wadda za a yi. Kar wanda ya rubuto mana komai. A tara yaran aji ɗaya zuwa uku, 'yan shekara sha ɗaya zuwa sha huɗu ɗin nan, a ce kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa tsakanin gidansu da makaranta. Wallahi za ku ji abin da ba ku sani ba. Su ne suke ɗafe bayan tifa da akori-kura in ta rage gudu a kwana. Su ne ake ba babur a ce je ka kai niƙa, je ka kai wa babanka abinci gona, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa sai ya jingina da dakali zai sauka, ya kuma ɗauko ƙannensa uku a baya, alhali doka sai shekara 18 ake ba da lasin. Yaran mata su ne 'yan talla, mota ta tsaya a tudun nan na rage gudu su yi caa a kanta da farantin gyaɗa da awara, fasinja ya karɓi kaya bai ba da kuɗi ba mota ta ja, yarinya ta bi ta da gudu ido na kan taga, ba ta ganin mai babur ɗin da ke tahowa ta baya. Ranar Lahadi da ake cin kasuwar Gujungu ku tsaya bakin hanya ku ga lodi, mutum a kan buhu, akuya a kan mutum. Ga shanyar kaka da muke bajewa a gefen kwalta, mai tafiya a ƙasa dole ya hau tsakiyar titi. Wannan shi ne wasan, a nan za a ɗebo shi.

Kuma ni a ganina yaran nan ba rashin sani ke damun su ba. Ka tambayi kowane a aji zai ce maka ɗafe mota ba kyau. Abin da ba su iya ba shi ne cewa a'a. Yaya yaro zai ce wa kawunsa ba zan hau ba mun yi yawa? Yaya zai yi in abokai suka ce masa matsoraci don ya ƙi sakin hannu a kan babur ranar kai amarya? Yarinya ta koma gida ta ce wa uwarta kuɗin awara ya tafi da mota, ta san abin da zai biyo baya, shi ya sa take bin motar. To wannan allo da alli ba sa koyar da shi, sai an gwada da baki da jiki, shi ne amfanin diramar.

Yadda za a yi, a fara wasa, misali uba ya miƙa wa yaro makullin babur ya ce maza ka kai ƙannenka islamiyya ka biya ka sayo min mai. Daidai nan malami ya tafa hannu ya ce tsaya! Ya juya wajen 'yan kallo ya ce wa zai zo ya karɓi wurin yaron nan ya nuna mana yadda zai kuɓuta ba tare da ya yi wa babansa rashin kunya ba? Wani ya fito ya gwada, mai wasan uban kuma kar ya sauƙaƙa masa, ya ce kai ni za ka koya wa, tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa, mu da muka yi ta hawa me ya same mu. In ya kasa wani ya fito. Za ka ga yaro ya kawo dabarar da kai babba ba ka yi tunaninta ba, wani ya ce zai raka su a ƙafa, wani ya kira yayansa, wani ya kawo hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, uban ya rasa ta cewa. Ba a kai ga haɗarin ba ma, ba zoɓo ba kururuwa. Da zarar ka kwantar da gawa a fili, ko dai su yi dariya ko waɗanda aka taɓa yi wa rashi su tashi su bar wurin.

Ban ce kar a yi raha ba fa. A sa ban dariya, shi ke riƙe yaro. Ku tuna 2009 da aka tilasta hular kwano, 'yan acaɓa suka dinga kifa ƙwarya a ka suna wucewa gaban jami'ai, fasinja kuma suna ƙin sakawa wai za a yi musu asiri. A yi wannan, a kawo ƙwarya a sake ta a ƙasa daga tsayin kafaɗa kowa ya ga yadda take tarwatsewa, ya isa.

Sai abu ɗaya da nake so a fitar da su fili a yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, a daƙiƙa ɗaya tana cin kusan mita 28. Yaro kafin ya tsallake kwaltarmu a tafiyarsa sai ya ci daƙiƙa biyar, ka ga mota ta ci mita 140 ke nan, ya fi tsawon filin ƙwallo. A auna musu da igiya a filin makaranta, a tsayar da yaro ɗaya can ƙarshe a ce ga motar da kake cewa ai tana nesa. Tirela mai lodi kuwa ko direban ya gan ka ya taka birki ba nan take za ta tsaya ba. Yaro a wannan shekarun yana ganin nisa amma bai iya auna gudu ba, ga jin kai na balaga ya fara shigarsa. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce daga shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe su, kuma a shekara ana rasa mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a duniya.

Maganar gobarar tankar mai ta garin Majiya a Jigawa, don na ga wani ya rubuta a sa ta a wasan. A'a. Don girman Allah kar a kwaikwayi wannan daren. Oktoban 2024 ne, tanka ta faɗi, mutane suka taru ɗibar mai wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu, kuma akwai masu 'yan uwa a ciki a guruf ɗin nan. Bayan wata uku aka sake irinta a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Abin da za a iya yi shi ne mintin da ke gabanin haka, aboki ya shigo da gudu ya ce tanka ta faɗi ɗauko jarka, sai a tafa a tsaya nan. Me za ka ce masa, wa za ka je ka tasa, ina za ka nufa. A koya musu lambar rodi sefti, 122, su haddace ta.

Hajiya kin yi maganar 'yan mata, kina da gaskiya, ba sai an cakuɗa su da maza ba. Su yi nasu da malama a kan talla, a gayyato iyaye mata su kalla a cikin makaranta, maza su yi nasu. Namiji in ana son uwa a wasan ya yafa zani, an saba, ya ma fi ban dariya.

Anya tana hana haɗari? Ita kaɗai a'a, kar mu yaudari kanmu Sakatare. Yaro ya iya tsallaka titi sarai direban da bai yi barci ba ya bi ta kansa. Tudun gaban makaranta da ya baje har yanzu ba a gyara ba, allon da ke nuna akwai makaranta an cire an sayar wa 'yan gwangwan. Shi ya sa na ce kar a yi ta a ranar raba kyaututtuka a gaban manyan baƙi. A yi ta ranar da sarkin tasha da shugaban 'yan acaɓa da mai unguwa za su iya zuwa, su zauna a gaba, ɗan acaɓa ya ga ɗan cikinsa yana kwaikwayon yadda yake amsa waya a kan babur da buhu biyu a baya, jama'a na dariya suna waiwayensa. Kuma ba sau ɗaya ba, duk zango a sake da sababbin yara, na bana su koya wa na baɗi. In akwai 'yan bautar ƙasa masu kulob ɗin rodi sefti a ƙaramar hukuma a kira su, amma su zo su kalla su amsa tambaya, kar a ba su lasifika su cinye mana lokaci da jawabi.

Kuɗi kuwa, benci shi ne mota, murfin tukunya sitiyari, igiya akwai a gidana. Abin da za a saya bai wuce ruwan leda da ɗan biskit na ranakun gwaji ba, sai ƙwarya guda biyu da za a fasa. Kar wanda ya kawo min zancen ɗinka wa yara kayan rodi sefti ko hayar kanofi, in na ji an sa wannan a lissafi na cire hannuna. Ranka ya daɗe firinsifal, kana cikin guruf ɗin nan ina ganin ka kana karantawa ba ka magana, ka ba mu Laraba bayan tashi, a'a Laraba akwai islamiyya da wuri, Alhamis dai, awa ɗaya ta isa, kuma ka haɗa ni da malamin Hausa ba na Turanci ba. Sai da safenku.