Amsoshin Tambayoyinku: Garin Siklodekstirin da Man Ƙamshi

Tambaya: Ƙamshin man kanumfari da na na'a-na'a da nake haɗawa yana saurin gushewa. Wane siklodekstirin zan saya, alfa, beta ko gama?

Beta za ki saya. Duka ukun daga sitaci ake yin su, ƙwayarsu kamar zobe ce, mai yana shigewa raminta ya tsira daga iska da haske. Ramin beta mai gulukos 7 ya fi dacewa da yujinol (babban sinadarin man kanumfari) da mentol (na man na'a-na'a), ga araha. Sai dai giram 1.85 kacal ke narkewa a mililita 100 na ruwa. In haɗi garau kike so, nemi HP-beta, wato betan da aka sarrafa don ya fi narkewa a ruwa, ki shirya biyan kuɗi.

Tambaya: Wani dillali ya ce garinsa na beta zalla ne, kuma kashi 40 cikin 100 mai ne. In saya?

Malam, riƙe kuɗinka. Nauyin ƙwayar beta 1135 ne, na yujinol 164, kuma yawanci zobe ɗaya ƙwaya ɗaya yake ɗauka. Ka lissafa, abin bai kai kashi 13 ba. A aikace ma 8 zuwa 12 ake samu. To ina sauran man ya shiga? Ko dai yana kwance a bayan garin, inda zai tashi ko ya lalace kamar ba a yi komai ba, ko kuma an yi algus da maltodekstirin, wani garin sitaci mai saurin narkewa a ruwa. Abin takaici, masu saye da hanci suke zaɓe, wanda ya fi bugun hanci shi ne mai kyau a wurinsu, alhali ƙamshi mai ƙarfi a busasshen gari alama ce ta man da bai shiga ba. Ka nemi takardar gwaji mai nuna man da ke ciki daban, na waje daban. Sannan ka zuba giram 10 a mililita 100 na ruwan sanyi. In ya narke tas, ba beta zalla ba ne.

Tambaya: Na haɗa nawa, ya bushe, amma kusan ba ya ƙamshi. Na yi asara ke nan?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, wataƙila ma aikinki ya yi. Ɗiga masa ruwan ɗumi ki sunsuna, danshi ne ke sakin man. In shiru, sake haɗi: narkar da beta a itanol kashi 1 da ruwa kashi 2 a zafin digiri 55, ki ɗiga man a hankali, ki juya awa 4 a rufe, ya kwana a digiri 4, ki tace, ki busar a digiri 50. Barin bakin mazubi a buɗe da tsananin zafi wajen busarwa su ke kore man.

Tambaya: Tunda daga sitaci yake, ai ko nawa aka ci ba laifi?

Wa ya ce? Ma'aunin da JECFA, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sinadaran abinci, ya sa wa beta miligiram 5 ne ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Allurarsa kuwa tana lalata ƙoda.