Jan furen falona yana bushewa, ko shukar ce ta mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan ƙaramar salla na sayi wata fulawa a wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi nan Bauchi. Ganyenta kamar na abarba, da jan fure a tsakiya, mai sayarwar ya ce sunanta buromeliyad, daga Jos aka kawo. Wata huɗu tana ƙayata mini falo, yanzu furen ya koma ruwan ƙasa, bakin ganyen ma yana ƙonewa. Kullum ina ba ta ruwa. Me na yi ba daidai ba? Daga wata uwargida a Fadaman Mada.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, bushewar furen ba laifinki ba ne. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, je ki ɗaga ganyen ƙasa ki leƙa gindin shukar. Ina kyautata zaton za ki tarar da ɗan tsiro ɗaya ko biyu, kamar ɗan yatsa, sun maƙale a jikin uwar.

Idonki bai yaudare ki ba, dangin abarba ce. Danginsu sun haura iri 3,000, kuma asalinsu nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya tak da ke fitowa a duwatsun ƙasar Gini. Halinta irin na ayaba ne: sau ɗaya take fure a rayuwarta, daga nan sai ta fara ja da baya a hankali, tana tura ƙarfinta ga 'ya'yan da ke gindinta. Jan abin da muke kira fure ma ganye ne mai launi, ainihin furannin ƙanana ne da ke leƙowa daga cikinsa su bushe cikin kwanaki. Yakan yi wata uku zuwa shida, don haka wata huɗun da kika samu ba a cuce ki ba. Ki sa wuƙa mai kaifi ki yanke sandar furen daga can ƙasa, ki bar uwar ta ci gaba da renon 'ya'yanta.

Ƙonewar bakin ganye kuwa da hannunki a ciki, da kuma na garinmu. A dajin da ta fito, yawancinsu a kan reshen bishiya suke zama, saiwarsu ta riƙo ce fiye da ta sha. Da ƙoƙon nan na tsakiyar ganye take shan ruwa. Idan kina tuttula ruwa a ƙasar tukunya kullum, saiwar ruɓewa za ta yi, ganyen ya bushe alhali ƙasar na jiƙe sharkaf. Ki riƙa zuba ruwa a ƙoƙon, ƙasar kuwa sai kin tura yatsa kin ji ta bushe. Ruwan sama ya fi kowanne, ki tara a jarka da damina. Na famfo a bar shi ya kwana a bokiti. Na burtsatse, in mai barin fari-fari ne a gindin buta, haka zai bar shi a ganye har ya ƙona bakinsa.

Sai maganar da masu sayarwa ba sa faɗa: ruwan da ya daɗe a ƙoƙon nan gidan sauro ne. Irin sauron da ke son ɗan tsaftataccen ruwa a ƙaramin mazubi shi ne mai yaɗa zazzaɓin shawara, kuma mu a Bauchi ba mu manta da ɓarkewar da aka yi a yankin Alkaleri da Yankari a 2019 ba. Da zafi, cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro. Don haka duk kwana biyar ko shida ki karkata tukunyar ki zubar da tsohon ruwan, ki ɗauraye, ki sa sabo.

Da hunturu iska na tsotse danshin ganye, ƙura kuma ta lulluɓe shi. Ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, ki ɗan fesa ruwa da safe, ki ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, amma kada gindinta ya nutse. A Maris da Afrilu, da zafi ke kai maki 40, ki janye ta daga tagar yamma. Haske take so, ba rana tsaka ba, kuma kada ki ajiye ta saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki.

'Ya'yan kada ki yi gaggawar raba su. Sai sun kai kashi ɗaya cikin uku ko rabin tsayin uwar, sannan ki yanke su dab da jikinta, ki bar wurin yankan ya sha iska kwana guda. Ki dasa a ƙaramar tukunya mai huji a ƙasa, cikin haɗin dakakken gawayi, ɓawon kwakwa ko na itace, da ɗan yashi mai tsakuwa. Ban da laka, ban da takin kaji. In ɗan yana tangaɗi, ki tokare shi da tsinke har ya kama. Zai ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ya yi nasa furen. Idan ya girma ya ƙi, ki zubar da ruwan ƙoƙon, ki rufe shi cikin farar leda da nunanniyar tuffa guda, a inuwa, kwana bakwai zuwa goma. Iskar da tuffar ke fitarwa ce ke tayar da furen, amma sai bayan wata biyu ko uku za ki ga alama.

Daga kwatancenki, taki Guzmania ce, mai laushin koren ganye mara ƙaya. Ta fi kowacce ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi jin jiki a nan, don ta fi son sanyin Jos. In za ki ƙara saye, ni dai shawarata ki nemi Aechmea, mai kaurin ganye ruwan toka da 'yan ƙayoyi a gefe, furenta ruwan hoda. Ta fi jure hunturunmu da mantuwar ban ruwa. Ki zaɓi wadda furenta bai gama buɗewa ba, ki sunsuna ƙoƙon ko yana wari, sannan ki ɗan ja ganyen tsakiya a hankali. In ya biyo hannunki, ta riga ta ruɓe, ki mayar wa mai ita.