Tambaya da Amsa: Blendar Chana da Wutar Sakkwato

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kwanuka da kuloli ta WhatsApp da Instagram daga gidana. Yanzu masu haɗa kayan ɗakin amare sun dame ni da tambayar blenda da butar lantarki. Na samu wani kamfani a Alibaba, shafin intanet na saro kaya daga Chana, farashinsa ya yi ƙasa sosai da na diloli. Ya turo min hotuna da wata takarda mai alamar CE, wai ita ce shaidar inganci. In tura kuɗin? Ina tsoron sayar wa mutane abin da zai cutar da su.
'Yar kasuwa, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa nema albarka. Kada ki tura kuɗin kaya tukuna. Wannan tsoro naki ya faranta mini rai, domin kayan wuta ba kwano ba ne. Kwano in ya lotse an yi asarar kuɗi, amma buta in ta kama da wuta, ɗakin amarya ne da mutanen da ke cikinsa.

Alamar CE ta kasuwar Tarayyar Turai ce, kuma a irin waɗannan kaya mai masana'anta ne da kansa yake buga ta, bisa ikirarin cewa ya cika sharuɗɗa. A tashar Apapa ba ita za a tambaye ki ba. Abin da Najeriya ke nema shi ne SONCAP, tsarin da SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ta fara a 2005. Takardu biyu ne. Ta farko ita ce ta kayan kansu, ana bayar da ita bayan an gwada su, da ita ake buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki. Ta biyu kuwa kowane lodi da tasa, sai da ita kwastan za su saki kaya. Kamfanoni irin su SGS da Intertek suna yin wannan aiki a madadin SON tun daga Chana. In ta hannun ejan mai haɗa kayan mutane a kwantena ɗaya za ki shigo da su, ki nemi ya nuna miki kwafin takardun tun kafin a yi lodi.

Ki ce wa kamfanin ya turo cikakken rahoton gwaji a kan ma'aunin IEC 60335, wanda ya shafi tsaron kayan wuta na gida. Blenda tana ƙarƙashin sashe na 2-14, buta kuma 2-15. Idan ya zo, ki duba abu ɗaya da yawancin mutane ke tsallakewa: lambar da ke kan rahoton ita ce lambar da ke gindin na'urar da za a sayar miki? Sunan masana'antar ya zo daidai? Sau da yawa rahoton na gaske ne, amma na wata blenda daban. Nan ne kuma za ki gane ko da masana'anta kike magana ko da dillali. Yawancin masu ƙera waɗannan kaya suna Shunde da Zhongshan kusa da Guangzhou, ko Cixi ta wajen Ningbo. Dillali ba laifi ba ne, amma ki san da wa kike ciniki.

Wutarmu bolt 230 ce, don haka a jikin na'ura ki ga an rubuta 220-240V da 50Hz. Fulogi ya zama mai baki uku irin na Ingila, da fiyus a ciki. Ki rubuta wannan a yarjejeniya, musamman in kayan na shafin 1688 ne, wanda aka yi domin kasuwar cikin Chana da irin nasu fulogin. Na tsani ganin mace tana cusa tsinke a soket don fulogi mai baki biyu ya shiga, ga hannu da lema.

Sai maganar wat, wato ma'aunin wutar da na'ura ke ci, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. Za ki ga kwalin blenda an rubuta 8000W da manyan baƙaƙe. Fulogin gida mai fiyus na amfiya 13 iyakar abin da zai ɗauka wajen wat 3,000 ne. To ina dubu takwas za ta bi? Wanda ya yi ƙarya a bayan kwali, ban yarda da abin da ya sa a ciki ba.

Abin da na fi so ki ba ƙarfi shi ne samfur. Ki sa a turo miki biyu ko uku na kowane iri, ko da kuɗin jirgi ya fi kuɗin kayan. Ɗaya ki kai wa mai gyaran kayan wuta da kika yarda da shi ya kwance. A shagona abin da nake fara yi shi ne kankare wayar koyil ta injin blendar: in jan ƙarfe ce za ta tsaya ja har ciki, in alminiyam ce aka yi wa rufi sai fari ya bayyana. Ta alminiyam ta fi saurin zafi da ƙonewa. Sannan in duba kaurin igiyar wuta, in kuma tabbatar wayar ƙasa, wato ta kariya da ke fitowa daga bakin fulogi na uku, ta haɗu da jikin butar da gaske, don akwai waɗanda bakin na uku ado ne kawai.

Ɗayan kuma ki yi aiki da shi yadda matan garin nan za su yi. Masu ƙera blenda da yawa ruwan 'ya'yan itace suke tunani, mu kuwa wake za a markaɗa na ƙosai da alale, ga tattasai da attarugu, ga fura da za a dama da nono. Ki gwada ta da rana tsaka, a zafi irin na watan Afrilu da yakan wuce digiri 40, lokacin da wuta ta yi ƙasa, sannan a kan janareto. Ta kirki in ta yi zafi da yawa takan kashe kanta, ta huce ta ci gaba. Ta banza sai wari da hayaƙi. Buta kuma dole ta kashe kanta in ruwa ya tafasa, haka in an kunna ta babu ruwa; wannan gwajin a bar wa mai gyara. Cikinta ya kasance farin ƙarfe (stainless) mai lamba 304, domin mai 201 ya fi saurin tsatsa. In ruwan ya fito da warin roba, ki bar ta.

Idan samfur ya ci jarrabawa, ki ajiye guda a matsayin shaida, ki rubuta cewa lodin duka irinsa ne. Ki biya kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin 100, sauran sai wani mai dubawa ya buɗe kwalaye kafin a loda. Kuɗi ya bi ta cikin Alibaba, kada ya shiga asusun wani mutum. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar dawo da kaya mai aibi, kuma wurinki zai dawo, ba Chana ba. Addini ma ya hana ɓoye aibin kaya. Saboda haka ki haɗa da kofuna da wuƙaƙe da robar gindi na canji a lodin farko, su ne ke fara lalacewa, kuma ki fara da kaɗan.

TAMBAYA: Malam, yayana ya aiko mini da tosta da blenda daga Amurka in sayar. Zan iya canza musu fulogi kawai?
Wani ɗalibi, Arkilla

AMSA: A'a ɗana. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta kusa ninka ta, kuma canza fulogi ba ya rage ƙarfin wuta. Ka duba gindinsu: in 120V kaɗai aka rubuta, ana kunna su a soket za su ƙone. Sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi wat ɗinsu ƙarfi, ta tosta kuwa babba ce mai tsada. In za ka sayar, ka faɗa wa mai saye wannan tun kafin ya biya, ka kuma manna takarda a jikin igiyar.