Kafin ka ɗaura kaya saboda bishiyar ginkgo

Ƙanena, tun Juma'a na ga saƙonka, sai yau na samu zama. Ka ce ka kammala digirin farko kan ƙananan halittu a Jami'ar Jihar Kaduna, ka ji cewa akwai fumfunar da ke zaune cikin bishiyar ginkgo tana haɗa magani, kana so ka zo ƙasar Sin ka yi digiri na biyu a kanta.

Bishiyar ga ta nan a bakin ɗakin gwajinmu a Nanjin. Ganyenta kamar ɗan mafici, idan Nuwamba ta kama sai ya koma rawaya ya shimfiɗe hanya. 'Ya'yan macen kuwa warinsu kamar man shanun da ya lalace. Ranar da na fara taka su, a waje takalmina ya kwana. Danginta sun haura shekara miliyan 200 a duniya, har akwai waɗanda suka sake toho a Hiroshima bayan bom ɗin 1945.

Abin da ake nema a ganyen shi ne sinadaran ginkolayid da bilobalayid da filabonoyid. Kamfanin Schwabe na Jamus yana tace su ya fitar da EGb 761, maganin da ake sayarwa don taimaka wa ƙwaƙwalwa. Sai dai ka sani, wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan tsofaffi sama da 3,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2008, bai nuna cewa ginkgo na hana ciwon mantuwa ba. Masu talla ba sa faɗin wannan.

Su halittun da kake magana, endofayit muke ce musu: fumfuna da bakteriya da ke ɓuya cikin ganye da ɓawo da saiwa ba tare da sun sa wa bishiya ciwo ba. Kasuwarsu ta buɗe a 1993, lokacin da masu bincike a jihar Montana ta Amurka suka ba da rahoton wata fumfuna daga bishiyar yew da ke samar da taxol, maganin ciwon daji. A 2012 kuma masana a nan Sin suka ce wata fumfuna mai suna Fusarium oxysporum da suka ciro daga ginkgo tana fitar da ginkolayid B. Kowa ya ce shi ke nan, a daina cinye ganye, a yi kiwon fumfuna a tanki.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da take fitarwa ɗan mitsitsi ne, kuma da ka raba ta da bishiyar kana sauya mata farantin da ake kiwonta a ciki, sai ta yi ta ja baya har ta daina, kamar yaron da aka raba da gida ya ƙi cin abinci. Yau shekara 30 da ɗoriya, taxol ɗin kasuwa daga itacen yew da ƙwayoyinsa ake samunsa, ba daga fumfuna ba.

Aikin kansa haƙuri ne. Ka wanke ganye, ka tsoma a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70, sai ruwan bilic, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka yayyanka ka jera a farantin da aka dafa wa dankali da sukari. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ma sai ka shuka shi a faranti daban. In ya tsiro da wani abu, aikinka ya ɓaci. Ni na raina wannan matakin, wata biyu ina murna da wata koriyar fumfuna, ashe daga iskar ɗakin ta faɗo.

Shawarata: ka zo, amma hannu za ka zo koya, ba ginkgo za ka aura ba. Ita sanyi take so, ba ta san zafin Afrilun Kaduna ba. Darbejiya kuwa tana kowane lungu daga Tudun Wada har Kawo, kuma a 2012 an samu fumfuna a cikinta mai samar da azadiraktin, sinadarin da ke korar ƙwari. Ga maɗaci, ga marke, ga sabara da iyayenmu mata ke jiƙa wa masu jego. Tun yanzu ka ɗebi ganye, ka kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a tabbatar maka da sunansa, ka roƙi tsohon malaminka ya bar ka ka shuka faranti goma. Wasiƙar da ke ɗauke da hoton farantinka ta fi wadda ke cewa “ina sha'awar bincike” nauyi a wurin farfesa.

Tallafin karatu na gwamnatin Sin da kanka za ka cika ta intanet, kada ka ba wani eja ko sisi. Ka fara koyon gaisuwa da ƙirga da Sinanci, don a taron mako-mako ba kowa ke juyawa Turanci saboda kai ba.

Ka gaida Mama. In Allah ya sa tafiyar ta tabbata, kada ka sako kilishi, kwastan za su karɓe. Rigar sanyi mai kauri dai ka nema a Kasuwar Barci.