Kanta da bororo, ba laifin fatar takalmi ba ne

Kai yaro, ka tambaye ni wai me ya sa wani in ya sa takalminmu yatsansa ke yin kanta wani kuma bororo, ko fatar da muke saya ce ba kyau? Fata lafiyarta ƙalau, ni nake zaɓo ta da hannuna a Ƙofar Wambai. Matsi ne da guga. Fatar ɗan Adam rayayya ce, can ƙasanta akwai ƙwayoyin da kullum suke rabuwa suna turo sababbi sama, wajen wata guda na ƙasa ya iso waje ya mutu ya zube. In wuri ɗaya yana shan guga kaɗan-kaɗan kullum sai su ƙara sauri, matattun su taru su yi tauri, kanta kenan, dubi yatsana inda zare yake bi. In gugar ta zo da ƙarfi rana ɗaya kuwa, saman fatar ne zai ɗaga ruwa ya taru, bororo.

Wani Alhaji daga Unguwar Rimi zai aurar da 'yarsa, ya zo da sassafe yana son sau-ciki ƙafa uku. Na ce ranka ya daɗe a tashi tsaye in auna, ya ƙi, daga cikin mota ya miƙo min ƙafa, kuma wai a matse, ba ya son takalmi ya masa yawa. Na ce ƙafa tana kumbura da yamma, in an taka ƙasa kuma tana bajewa, ya ce ni zan koya masa ƙafarsa? To, na yi yadda yake so. Ya wuni tsaye a wajen biki, ƙaramin yatsa da diddige suka tashi, sai ga direba da takalman cikin leda, ɗaya duk an take bayansa, wai Alhaji ya ce aikin banza ne. Cikon kuɗina shiru har yau, ga shi ya bi abokansa yana ɓata min suna. Wallahi ban yafe ba.

Yanka da shafa gam ba zan tsaya kansu ba, jiya ma ka gani. Ku yaran yanzu ana awo kuna danna waya. Ka auna da yamma, mutum a tsaye, ka bar fili kamar faɗin babban yatsa a gaba, ko waye shi. Mai ciwon suga kuma in ka ga kanta a ƙafarsa kada ka yarda ya kankare da reza, ƙarƙashinta gyambo ke fitowa kuma sau da yawa ba ya jin zafin, ce masa ya je asibiti.